Dare Mahutar Bawa: Abin Da Na Gani Daga Anka Zuwa Gummi

Mai karatu, in ka taɓa bin hanyar Anka a 'yan shekarun nan, ka san ba a yi mata sammako, ba a kuma yi mata yamma. Direbobi a tashar Gusau sai rana ta ɗaga sosai suke tayar da mota, bayan motocin farko sun iso daga can an tambaye su lafiyar hanya. Ni kuwa ranar nan tun bakwai na safe ina zaune a tasha da 'yar jakata. Daga aikin dare na wuce, ko gida ban leƙa ba, saboda wayar da Yayata ta bugo mini daga Gummi ƙarfe biyun dare. Ba ta ja magana ba. Cewa ta yi, "Ki zo ki ga ɗanki, waya ta haukata shi."

Ɗan nata shekarunsa 21, yana aji uku a jami'a, ya zo hutu. Ba ya runtsawa sai an kusa kiran assalatu, ba ya tashi sai azahar ta gota, abinci sai an bi shi da shi ɗaki, kuma mahaifinsa ya riga ya rantse in ya ƙara ganin wayar nan a hannunsa rijiya zai jefa ta. Na nemi izinin yaron kafin in rubuta wannan. Ya yarda, da sharaɗin kada in kama sunansa. Zan ba ka tafiyar yadda ta kasance, domin da kai tsaye na faɗa Gummi, da ban gane abin da na tarar ba. Anka da Bukkuyum ne suka buɗe mini ido.

In ka baro Gusau ka kama titin Sakkwato, ka wuce Bunguɗu da Maru, a mahaɗar Mayanchi za ka karya hagu. Daga nan hira takan mutu a cikin mota. Kowa ya zuba wa daji ido, masu carbi suna ja, direba ba ya sassautawa sai a shingen jami'an tsaro. Lokacin hunturu ne, an girbe dawa, kara ya bushe a tsaye, ga hazo. Nan da can za ka ga gonar da ciyawa ta cinye, ka san mai ita bai samu zuwa ba bana. Muna dab da shiga Anka motarmu ta fara tari, da kyar ta kai mu tasha. Kafin bakanike ya gama da ita an yi la'asar, direba ya ce ko nawa za a ba shi ba zai ƙara gaba ba. Babu wanda ya yi masa gardama. Na nemi gidan wata ƙawata da muka yi makarantar koyon aikin jinya tare, a nan na kwana.

Anka ba ƙaramin gari ba ne a tarihin ƙasar nan. Bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, sarautar Zamfarawa ta yi ta ƙaura kafin ta zo ta zauna a nan, kuma Sarkin Zamfaran Anka ne ke shugabantar majalisar sarakunan jihar. Amma duniya ta fi jin sunan garin a 2010, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinariyar da ake dakawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da Abare, da 'Yargalma ta ɓangaren Bukkuyum. Sai kuma 'yan gudun hijirar da suka cika garin, har cikin ginin sabuwar fadar sarki. A irin wannan gari samarin da zan ba ka labarinsu suka tashi.

Jikin gidan ƙawata akwai shagon cajin waya na ƙanin mijinta, shi ma ɗalibi ne da ya zo hutu. Bayan magariba na tsaya a bakin zaure muna gaisawa, ina kallon allon katakon da ya jera wa soket, wayoyi rututu, kowace da lambarta a manne. Na tambaye shi yaushe kasuwa ta fi ci. Ya yi dariya ya ce, "Anti, wayar dattijo nan take kwana, da safe ya zo ya karɓa. Ta saurayi kuwa da rana ake kawo ta, bayan isha'i mai ita zai zo. In kin ga waya ta kwana a shagon nan, to mai ita ya haura arba'in."

Ya ƙirga mini dalilai, kuma ban ga na ƙaryatawa a ciki ba. Datar dare, wadda ake buɗewa daga wajen tsakar dare zuwa asuba, ta fi ta rana araha nesa ba kusa ba, balle tun da aka amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Sabis ɗin ma ya fi ƙarfi idan gari ya yi tsit. Ɗalibin da ke son sauke littafi ko bidiyon darasi dole ya jira dare, in ya gama kuma sai ya ce bari ya ɗan leƙa TikTok, kafin ya ankara zakara ya yi cara. Ga shi a gidan yawa, dare ne kaɗai lokacin da ba mai kwala maka kira ya aike ka.

Akwai kuma dalilin da ba za ka ji shi a Kano ko Abuja ba. A nan waya gadi ce. Unguwa-unguwa akwai zaurukan WhatsApp inda ake sanar da juna an ga babura sun gitta ta wuri kaza, an ji harbi ta gabas. Saurayin da ya saba kwana yana duba irin wannan saƙo, ko ranar da lafiya lau ce idonsa ba ya yarda ya rufe. Ƙawata ta ce mini, "Ni wallahi gara in ga hasken waya ta tagar ɗakinsu, na san suna ciki." Ƙarfe biyu da rabi na fito tsakar gida, na ga hasken kuwa, shuɗi-shuɗi, a ɗakin samari. Kada ka tambaye ni abin da ya hana ni barci har lokacin. Tawa wayar tana hannuna.

To, bari in ɗan sa rigar aiki in yi maka bayanin abin da ke faruwa a jiki, don sai da shi sauran labarin zai zauna. A cikin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin ido biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan curin ƙwayoyin halitta da ke aikin agogo. Haske ne ke saita shi. In duhu ya yi, sai ya ba da umarni a saki sinadarin melatonin, jiki ya fara sanyi, hamma ta zo. Hasken safiya yana jawo agogon gaba, hasken dare yana tura shi baya. Sai dai ba kowa ne agogonsa ke tafiya daidai da na ɗan'uwansa ba. Akwai ɗan sammako, wanda tara na dare ta yi masa nisa, da asuba kuwa garau yake. Akwai ɗan dare, wanda kansa bai fara aiki sosai sai bayan isha'i. Yawancin mutane suna tsakani, kuma akwai gado a cikin lamarin. Tun 1976 wasu masana biyu, Horne da Östberg, suka tsara tambayoyi 19 da ake auna wannan da su, har yau ana amfani da su.

Abin da ya fi shafar mu shi ne shekaru. A 2004 wani masani a birnin Munich na Jamus, Till Roenneberg, da abokan aikinsa suka duba lokutan barcin dubban mutane, suka ga agogon yaro yana ta ja da baya tun daga balaga, har ya kai maƙura a wajen shekara 19 da rabi ga mata, wajen 21 ga maza, daga nan ya fara dawowa a hankali. Ka ga ke nan shekarun da muke tura 'ya'yanmu jami'a da kwaleji su ne shekarun da jikinsu ya fi karkata ga dare. Ba duka ne lalaci ba. Amma duniya ba ta jiran agogon kowa. Asuba tana nan a lokacinta, lacca tana nan ƙarfe takwas. Yaron da ya kwanta ƙarfe uku ya tashi biyar da rabi, yini zai yi kamar wanda aka daka, ranar da babu aji kuma ya yi ramuwar barci har azahar, ramuwar ta ƙara tura agogon baya.

Binciken da aka yi a kan ɗaliban jami'a a Taiwan a 2013, da wanda aka yi a Turkiyya a 2014, duk sun nuna 'yan dare sun fi 'yan sammako faɗawa jarabar intanet. An kuma daɗe da lura cewa ciwon damuwa ya fi yawa a cikin 'yan dare. Abubuwan nan uku kamar duwatsun murhu suke, tukunya ɗaya suke ɗauke da ita, kuma kowanne yana iya jawo ɗan'uwansa. Wanda ya rasa barci zuciyarsa takan yi nauyi. Wanda zuciyarsa ta yi nauyi yakan nemi abin da zai ɗauke masa hankali, kuma ƙarfe biyun dare babu abin da ke buɗe sai waya. Wayar kuma da haskenta da abin da ke cikinta sai su ƙara korar barcin. Mu iyaye dutse ɗaya muke gani, domin shi ne mai haske.

Washegari ban samu motar Gummi kai tsaye ba, sai ta Bukkuyum, na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, in gaida Goggona. Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi duka, kuma a wannan lokaci na shekara fadama ce kaɗai kore a idonka. Bukkuyum ta sha wuya. Mutanen yankin ba su manta da farkon watan Janairun 2022 ba, lokacin da aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum aka yi kwanaki ana kisa. Duk da haka na tarar da Goggo a tsakar gida tana tankaɗe, rediyo a gefenta, tana faɗa da awaki kamar kullum.

Autarta tana kwalejin ilimi, shekarunta 22, kuma in awoyi za a ƙirga ta fi ɗan Yayata riƙe waya. Turaren wuta da humra take sayarwa ta WhatsApp, tana karanta littattafan marubutan intanet, tana cikin zauren ajinsu. Amma goma na dare ta yi barci, da asuba ita ke hura wuta, jarrabawarta lafiya, dariyarta har waje. Wannan ba mai jaraba ba ce. Ba da awoyi ake gane jaraba ba. Ana gane ta ne idan mutum ya so ya ajiye ya kasa, idan abin ya ture karatu da salla da abinci da zumunci, idan yana ganin ɓarnar da idonsa amma ya ci gaba. Irin ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ke nan a 2019 lokacin da ta shigar da jarabar wasannin waya da kwamfuta cikin jerin cututtuka. Jarabar intanet gaba ɗaya ba ta shiga jerin a matsayin cuta mai zaman kanta ba, ko da yake tun 1998 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Kimberly Young, ta fitar da tambayoyi 20 na auna ta.

Da na gaya wa Goggo abin da ke tafe da ni, sai ta ajiye rariya ta ce, "Ɗiyata, kin manta shekarar da aka kashe sabis? Ai lokacin muka ga kwana." A Hausarmu ta nan, kwana shi ne barci, don mutanen Kano kada su ruɗe.

Ban manta ba, kuma na san kai ma in ɗan Zamfara ne ba ka manta ba. Ranar 3 ga Satumba, 2021, hukumar sadarwa ta ƙasa ta umarci kamfanoni su rufe layukan waya a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. An ce mako biyu. Gusau ta samu nata ranar 1 ga Oktoba, amma su Anka da Bukkuyum da Gummi sai ƙarshen Nuwamba. Kusan wata uku babu kira, babu saƙo, babu intanet. An rufe kasuwannin mako-mako, an hana sayar da fetur a jarka, makarantu ma a rufe. Ba zan yi wa lokacin nan kwalliya ba. Mu da ke asibiti mun ga matan da naƙuda ta zo musu da gardama aka rasa yadda za a kira mota, mun ga yadda ake tura mutum da ƙafa ya nemo likita. Masu cirar kuɗi ta POS sun rufe, mutane suna tafiya mai nisa zuwa wata jiha don kira ɗaya.

Amma abin da Goggo ta lura da shi gaskiya ne. Ta ce makon farko samarin unguwa kamar waɗanda aka yi wa mutuwa, suna ta ɗaga waya sama, wasu har hawa tudu. Masu tura fina-finai a memori suka yi ciniki na ɗan lokaci, sai caji ya yi wuya saboda babu man janareta. Kafin wata ya cika, hirar ƙofar gida ta dawo, dara ta dawo, bayan isha'i kaɗan gari ya yi shiru, sahun asuba ya ƙaru. Abin ya yi daidai da wani ɗan gwaji da aka yi a jihar Kolorado ta Amurka a 2013, inda aka kai mutum takwas daji suka yi mako guda babu lantarki babu waya, sai rana da wutar itace. Agogon jikinsu ya dawo gaba da kimanin awa biyu, kuma 'yan daren cikinsu ne suka fi sauyawa.

Sai Goggo ta rage murya. Ta ce amma akwai ɗan makwabtansu, shi ma ɗalibi, wanda uwarsa ta yi ta murna an kashe sabis za ta samu ɗanta. Da wayar ta mutu, yaron bai yi barci ba. Kwanciya yake yi ido buɗe yana kallon azara har safe. Ya daina fita, ya daina wanka, ya rame. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka ce sammu ne. Sai da wani kawunsa ya ɗauke shi zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato, aka gane ciwon damuwa ne, kuma ya daɗe da shi. "Ashe wayar nan rufi ce," in ji Goggo, "da aka ɗage ta sai ga abin da ke cikin tukunya."

Da wannan magana na shiga motar Gummi. Ke uwa, kai uba, ita ce nake so ku riƙe kafin ku kai hannu ga wayar ɗanku. Yara biyu za su iya zama a ɗaki ɗaya, ƙarfe uku na dare, kowa da waya a hannu. Ɗaya al'ada ce da agogon ƙuruciya, in aka gyara masa lokaci zai gyaru. Ɗayan kuwa ɓuya yake yi, kuma in ka ƙwace maɓoyar ba ka tambayi abin da ya koro shi ba, ka bar shi da shi a cikin duhu.

Gummi garinmu ne, ba zan iya yi maka bayaninta kamar baƙuwa ba. Abin da ido zai fara nuna maka yanzu shi ne tabon ambaliyar watan Agustan 2024. Har yau akwai kangaye, akwai gidajen da aka tayar da rabi da bulo rabi da zana. Gidan Yayata ɗaki biyu ya rasa, ciki har da na samari. Na same ta ta yi zuru-zuru. Maigidan ya amsa gaisuwata a taƙaice. Yaron kuwa yana ciki, la'asar ta yi bai karya ba.

Ban yi masa maganar waya ba. Na bari sai ƙarfe ɗaya na dare, lokacin da na san nasa garin ya waye, na ɗauki tabarma na yi sallama a ƙofarsa. Mai aikin dare ba ta rasa wannan dabara. Muka fara da hirar makaranta. A hankali ya ba ni tarihin darensa. A 2022 ya gama sakandare yana jiran shiga jami'a, yajin aikin malaman jami'o'i ya tsayar da komai daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wata takwas babu abin tashi dominsa, a nan dare ya zama rana. A 2024 guguwar mainin ta taso, samari suna ta dangwalar waya dare da rana da fatan kuɗin kirifto, shi ma ya shiga da niyyar ya biya wa kansa kuɗin makaranta. Abin da ya fito bai kai kuɗin datar da ya ƙona ba. Ruwa ya zo ya ci ɗakinsu da littattafansa. Ya koma makaranta, ya faɗi darussa biyu, duka na ƙarfe takwas na safe. Bai gaya wa kowa ba, don ya san abin da mahaifinsa ya sayar aka biya kuɗin zangon.

Na tambaye shi me yake kallo a wayar. Ya ce, "Inna, ba na kallon komai. Ja kawai nake yi. In na ajiye ta, kaina ne ke cika da magana."

A wurin aiki muna da tambayoyi tara da muke yi wa wanda muke zargin yana da ciwon damuwa, duka a kan mako biyun da suka wuce. Ban fito da takarda ba, na saƙa su cikin hira. Yaushe rabon da wani abu ya yi maka daɗi? Yaron da ba ya wuce kallon ƙwallo ya ce ya fi wata huɗu bai je gidan kallo ba, kuma ba rashin kuɗi ba ne. Abinci? Ba ya jin ɗanɗanonsa. Karatu? Sai ya karanta shafi sau uku bai san me ya karanta ba. Kana ganin kanka a matsayin wanda ya ba iyayensa kunya? Ya sunkuyar da kai. Sai na yi ta ƙarshen, wadda mutane suke tsoro. Na ce, "Ɗana, ka taɓa jin gara a ce ba ka duniya?" Ya daɗe bai amsa ba. Can ya ce, "Wani lokaci nakan ce da ma in kwanta kada in tashi."

Mai karatu, yin wannan tambaya ba ya sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Sau da yawa ma sauƙi yake ji an tambaye shi. Amma in amsar ta zo irin wannan, ba a jira a ga yadda hali zai yi, ba a kuma barin mutum shi kaɗai. Na tambaye shi ko ya taɓa shirya wani abu, ya ce a'a. Duk da haka a ɗakin na ƙarasa daren, ina zaune yana kwance, har aka kira salla.

Aiki mai wuya shi ne mahaifinsa. Bayan ya dawo masallaci na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da na gani. Ya ce, "Damuwa? Mi ya rasa, ci ko sha? Wanga rashin tawakkali ne da sangarta." Na san mutumin kirki ne, tsoro ne ya sa shi faɗa. Na ce, "Alhaji, hawan jinin da kake shan magani kullum, rashin tawakkali ne?" Ya dube ni, bai ce komai ba. Na ce addu'a muna yi, ba za mu fasa ba, amma wannan ciwo ne mai magani, kuma wayar da kake son jefawa rijiya ita ce sandar da yake dogarawa, a fara duba ƙafar tukuna. Ya tashi ya shiga ɗaki. Da hantsi ya fito da hularsa ya ce, "Ku tashi mu tai."

Likita ya gan shi a ranar, ya tabbatar, ya ɗora shi a kan magani, ya sa masa ranar dawowa. Na ja kunnen Yayata a kan abu biyu. Maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kada a ce bai yi ba a watsar. Kuma kada wani ya je kemis ya sayo masa ƙwayar barci. Na ga samari da yawa da suka shiga ta wannan ƙofa suka fito da jaraba ta biyu wadda ta fi ta farko.

Agogon kuwa ba a juya shi da tsawa. Ba a ce wa ɗan dare ya kwanta ƙarfe tara, zai yi ta juyi ne kawai. Ta safiya ake kama shi. Muka yi yarjejeniya: in ya yi asuba ba zai koma shimfiɗa ba, zai bi mahaifinsa fadama ya sha hasken safe, domin babu abin da ke jawo agogon jiki gaba kamar ranar hantsi a ido. In barci ya matsa masa da rana, ƙailula ce ta rabin awa, ba ta wuce haka ba. Shayi da lemon ƙara kuzari sun ƙare daga la'asar. Lokacin kwanciya kuma a riƙa jawo shi kaɗan-kaɗan, ba dare ɗaya ba. Wayar tana hannunsa da rana, amma ƙarfe goma sha ɗaya shi da kansa zai kai ta ɗakin mahaifiyarsa ta kwana. Abin da yake son saukewa da datar dare ya saita shi ya bar ta tana yi. Alhaji da ya ji tsarin sai ya ce ai malamai sun daɗe suna faɗa cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son hira bayan isha'i. Na ce haka ne, ban ƙara komai ba. Na bar masa wannan, tunda shi ya bar mana rijiya.

Kwana huɗu na yi. Ranar da zan taho na hango su daga nesa suna dawowa daga fadama, uban a gaba, ɗan a baya da fartanya a kafaɗa, ba mai yi wa wani magana. Maganar darussa biyun nan har lokacin ba a yi ta ba. Ya ce in bar shi zai faɗa da bakinsa, na bar shi.

Yanzu ya koma makaranta. Yana shan maganinsa, ya ce abinci ya fara daɗi, ranar Asabar ya je kallon ƙwallo. Can babu ɗakin mahaifiya da za a kai waya, sai abokin ɗakinsa da ya yarda ya riƙa karɓa, shi ma kuma ɗan dare ne. Daren Talatar da ta wuce ina bakin aiki, marasa lafiya sun yi barci, wajen ƙarfe uku na buɗe WhatsApp sai na gan shi a kai. Gabana ya faɗi. Na rubuta masa, "Ɗana, lafiya? Me kake yi war haka?"

Ya amsa nan take. "Lafiya lau Inna, jarrabawa gare ni gobe. Ke fa?"